Perspective a zane, wane suna za mu sa masa da Hausa?

Jama'a masu zane da malaman Hausa ku matso kusa, akwai kalmar da ke ba mu ciwon kai in ana koya wa yara zana akwati ya fito da kauri kamar ka sa hannu ka ɗauka, wato perspective.

Abin kowa ya taɓa gani ai. Ka tsaya tsakiyar layin dogo ka duba gaba, ƙarafan nan biyu ba sa haɗuwa amma ido sai ya ga suna ta matsewa har su haɗe can ƙarshen gani. Dabarar kawo wannan kan takarda ita muke nema wa suna.

Da yawa sun ce hangen nesa. A'a gaskiya, wannan ta dattijo mai tunanin gobe ce, in ka ce wa yaro ya zana akwati da hangen nesa dariya zai yi. Mahanga kuma 'yan jarida sun riga sun kwashe ta, ta koma ra'ayi.

Wani malaminmu ya kawo manzur ta Larabci, kuma Allah gafarta malam yana da hujja, don masani Ibn al-Haisam ya rubuta Kitab al-Manazir, littafinsa kan yadda ido ke gani, a Alƙahira tun ƙarni na 11, aka juya shi zuwa Latin, sai daga baya Brunelleschi mai zanen gine-gine ya gwada dabarar a birnin Florence na Italiya farkon ƙarni na 15, wani masanin Italiya, Alberti, ya zo ya tsara ƙa'idojin a rubuce a 1435. To amma malam, ɗan firamare fa sai an sake yi masa fassarar manzur ɗin.

Ni dai na tsaya kan zanen hange. Ku gwada shi a aji ku ji: ja layi a kwance daidai tsayin idonka, wannan layin ido. Ɗiga ɗigo ɗaya a kansa, shi ne matattara, don nan duk layukan ke zuwa su taru. Zana murabba'i a ƙasa da layin, ɗauki rula ka ja daga kowace kusurwa zuwa matattara, kada ka danna fensir, sai ka yanke inda kake so bayan akwatin ya tsaya ka goge ragowar. Tunda yana ƙasa da ido za ka ga samansa, in ka ɗaga shi sama da layin gindinsa za ka gani. In ƙuryar akwatin ce ke kallonka sai ɗigo biyu, hagu da dama, zanen hange mai matattara biyu kenan, bakin bai harɗe ba ko kaɗan.

Siffofin ma ba sai mun ara ba, akwati, gwangwani, ƙwallo, dala. Cone ce ta rage, wato siffar nan mai zagayayyen gindi da tsini a sama, wasu na cewa mazurari, ni kuma ina ganin mazurari na da siririn wuya a ƙasa, zai ruɗa yaro. Masu koyar da lissafi, me kuke ce mata a aji?