Jimla ta huɗu ba ta da suna: me za mu kira compound-complex da Hausa?

Malamar Turanci:
Assalamu alaikum. Masana Hausa, yau na kawo kukana gare ku. Turanci nake koyarwa a aji ɗaya na babbar sakandare, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san halin da ake ciki: darasi na Turanci ne, amma in kana so ya shiga, dole rabinsa ya tafi da Hausa.

Makon jiya muka kai ga ire-iren jimla ta fuskar gini. Nahawun Turanci ya kasa su huɗu: simple, compound, complex da compound-complex. Sunayen ukun farko a wurin abokin aikina mai koyar da Hausa na aro su, wato sassauƙa, harɗaɗɗiya da sarƙaƙƙiya. Da na tambaye shi ta huɗun sai ya yi dariya, ya ce in gwama biyun ƙarshe. Na kuwa rubuta "harɗaɗɗiyar sarƙaƙƙiyar jimla" a allo, na ce aji ya maimaita. Nan take harshen kowa ya harɗe. Wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, gara ta Turancin."

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Na ba su jimla biyu su faɗi nau'insu. Ta farko: The tall boy in the blue shirt from the village behind our school won the race. Ta biyu: I left when she came. Mafi yawansu suka ce ta farko sarƙaƙƙiya ce, ta biyu sassauƙa. Alhali a juye abin yake. Doguwar nan aikatau ɗaya gare ta, won, saboda haka ganga ɗaya ce kacal (ganga shi ne clause, wato yankin jimla mai aikatau na kansa). Gajerar kuwa, duk da kalmominta biyar ne, ganguna biyu ne, ɗaya yana rataye da ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Na ce musu "sassauƙa", su kuma suka nemi mai sauƙi.

Abin da nake nema biyu ne: sunan ta huɗu wanda baki zai iya ɗauka, da kuma shawara a kan ukun farko.

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ukun farkon nan ki bar su yadda kika same su. Ba don sun fi kowace kalma kyau ba, sai don sun riga sun zauna. Da su aka rubuta littattafan nahawun Hausa, da su ake yi wa ɗalibin Hausa tambaya a jarrabawa. Tun 1990 da aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ake ƙoƙarin kowa ya yi magana da baki ɗaya a wannan fanni. In kowane malami ya raɗa nasa suna, yaro zai fita daga ajinki ya shiga ajin Hausa ya ga kamar wata ƙasa ya je.

Kuma ba da ka aka zaɓe su ba. Muna cewa harɗaɗɗen suna ga irin su "faɗi-tashi" da "gashin-baki", inda aka harɗa kalmomi biyu suka zama ɗaya, to harɗaɗɗiyar jimla 'yar'uwarsa ce. Complex kuwa daga Latin ta fito, kuma tushenta yana nufin kitsa abu da abu, kamar yadda ake tufka igiya. Wace kalma ta fi sarƙa kusa da wannan?

Malamar Turanci:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Sai dai yaro bai san Latin ba. In ya ji "sarƙaƙƙiya", sarƙaƙiyar daji ce ke zo masa a rai, mai ƙaya, wadda in ta kama rigarka sai ka bar mata yanki. Wato abu mai wuya. Shi kuwa rabon nan na Turawa babu ruwansa da wuya ko tsawo. Tambaya biyu yake yi: ganga nawa ne a ciki, kuma kowanne da ƙafarsa yake tsaye ko wani ne ke ɗauke da shi?

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga Baba da Malama. Mu da muka yi lakwal da Faransanci wannan rigimar ba ta same mu ba, don gida biyu aka raba mana: phrase simple da phrase complexe. Duk jimlar da ta wuce ganga ɗaya complexe ce, sannan a ciki a duba ko jera su aka yi, ko haɗa su, ko ɗaya ya dogara da ɗaya. Kun ga ke nan huɗun nan ba saukakku ba ne daga sama, tsarin masu nahawun Ingilishi ne.

A yi hattara kuma, phrase a wurinmu ita ce jimla sukutum, amma a Ingilishi yanki ne kawai. Da na fara zuwa Katsina karatu wannan kalma ɗaya ta sa ni zufa.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Ni a ganina compound a ce mata haɗaɗɗiyar jimla kawai. Ai mahaɗi ne ke haɗa ta.

Malamar Turanci:
Ƙanena, ka manta da waɗanda nake koya wa. In na ce "haɗaɗɗiya" a gaban 'yan shekara goma sha biyar, mota za su hango ko budurwa. Kalmar nan matasa sun riga sun ƙwace ta.

Almajirin Zaure:
Mu a zaure ta wata ƙofar aka shigar da mu. Jimla ko dai ismiyya ce, wadda ta fara da suna, ko fi'iliyya, wadda ta fara da aiki. Amma malaman nahawun Larabci suna da wani rabo da ya kusanci abin da kuke nema: jumla kubra da jumla sugra, babbar jimla wadda ta ƙunshi ƙarama a cikinta. Kalmar jimla ɗin kanta ai daga can muka samo ta. Ko za a ce babba da ƙarama?

Tsohon Malamin Hausa:
Malam, an gaishe ka. Babba da ƙarama za su mayar da yaran nan inda suka fito, su koma auna tsawo da ido.

Uwar Yara:
Ni ba malama ba ce, tela ce, amma ina zama da yarana in suna aikin gida, kuma na daɗe ina jin wannan magana. Ku ba ni dama in faɗi yadda na fahimce ta.

Ganga tsayayye ai babban mutum ne, yana tafiya da ƙafarsa. Dogarau kuwa goyo ne. In ka sauke shi ka tafi, kuka zai yi. Ka shiga ɗaki ka ce wa mutum "Lokacin da suka zo", ka yi shiru. Dole ya ɗago kai ya ce, "Sai me?" To wannan "sai me" ɗin shi ne kukan. Amma ka ce "Sun zo", magana ta ƙare, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Saboda haka simple mace ce ita kaɗai a hanya. Complex mace ce da goyo. Compound tagwaye ne, kowa da ƙafarsa, sun riƙe hannu. Ta huɗun da kuke nema tagwaye ne, ɗaya da goyo.

Malamar Turanci:
Yaya, Allah ya saka da alheri! Wannan gwajin na "sai me" shi nake nema tun farkon zango. Kuma kun lura Hausa da kanta takan sa wa goyon alama? Muna cewa "sun zo", amma "yaran da suka zo", "lokacin da suka zo". Ba wanda zai ce "yaran da sun zo" a daidaitacciyar Hausa. Turanci ba ya sauya komai a nan: they came ne a tsaye, when they came ne a goye. Kalmar farkon ce kaɗai ke nunawa, irin su when, because, although, if, who, which.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Inna, ina da ja. Tagwaye biyu ne, compound kuwa tana iya kai ganguna uku ko huɗu. She cooked, he washed the plates, and I swept the room. 'Yan uku ke nan. Sannan goyo a baya yake, amma dogarau yana zuwa gaba: When she came, I left. Har tsakiya yana shiga: The man who called you is my uncle.

Uwar Yara:
Ɗana, na gaban an rungume shi ne, na tsakiyan kuma juna biyu ne. Duk dai uwa ce ke ɗauke da shi. Batun tagwaye kuwa ka yi gaskiya, na janye.

Tsohon Malamin Hausa:
Na yi dariya har jikata ta leƙo. Amma bari in ƙara wa yaron nan ƙarfi, don akwai inda goyon ke gazawa da gaske. Ku duba What he said is true. Dogarau a nan shi ne what he said, kuma shi ne ke riƙe da gurbin suna a jimlar. In kika sauke shi, abin da ya rage is true ne, ita ma uwar ta faɗi. Haka yake a Hausa: "Abin da ya faɗa gaskiya ne." Saboda haka goyo kwatance ne mai kyau na fara koyarwa, amma ba zan so ya zama sunan da za a rubuta ba. Suna yakan daɗe fiye da wanda ya raɗa shi, in da tawaya a jikinsa da ita zai yi ta yawo.

Malamar Turanci:
Wannan kuwa shi ne irin abin da hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO ke so. A ja layi ƙarƙashin wani yanki a cikin nassin fahimta, a ce faɗi sunansa na nahawu da aikinsa. Na yarda, Baba. Zan ajiye irin wannan dogarau ɗin sai sun ƙware a masu sauƙin saukewa.

Tunda an taɓo compound, bari in faɗi abin da ya fi ci mini jan biro. Mahaɗan da ke harɗa ganguna masu matsayi ɗaya a Turanci bakwai ake lissafawa: for, and, nor, but, or, yet, so. Mu kuwa "da" ɗinmu sunaye take haɗawa, ba ta haɗa jimla da jimla. Ba a cewa "na je kasuwa da na sayi doya". Jerawa muke yi: "Na je kasuwa, na sayi doya, na dawo." Lafiyayyar Hausa ce. Sai yaro ya ɗauki wannan ƙirar ya kai Turanci, ya rubuta I went to the market, I bought yam, da waƙafi kaɗai a tsakani, mai maki ya zana masa ja. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, harshen uwa ne ke magana a ƙarƙashi. Ranar da na bayyana musu haka, wani yaro ya ce, "Ashe Turanci ba ya tafiya sai da igiya."

Ɗan Maraɗi:
To mu koma kan ta huɗu. Me zai hana a ce jimla ruwa-biyu? Gajere ne, kowa ya san ma'anarsa.

Almajirin Zaure:
Yana da daɗin faɗi, amma bai faɗi ruwan ina da ina ba. Yaro zai iya ɗauka jimlar da aka cakuɗa Hausa da Turanci ce, irin wadda suke yi a waya.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Kafin a rufe, ɗayan rabon fa, na declarative da sauransu?

Tsohon Malamin Hausa:
Wannan ba gardama: jimlar bayani, jimlar tambaya, jimlar umarni, jimlar motsin rai. Wasu na cewa ta mamaki ga ta ƙarshen, amma What a pity! ba mamaki ba ne, tausayi ne, don haka motsin rai ya fi faɗi, ga shi kuma ya dace da sunan alamar da ake rufe ta da ita. Umarni ma ƙira ake nufi, ba tsawa ba. Please sit down umarni ce a nahawu ko da da ladabi aka faɗe ta.

Ta huɗu kuwa, ga tawa. Mece ce ita? Harɗaɗɗiya ce, ganguna tsayayyu biyu ko fiye, sannan ga aƙalla dogarau ɗaya. To a ce harɗaɗɗiya mai dogarau. Ba mu ƙago sabuwar kalma ba, duka biyun suna cikin littafi, kuma sunan ya faɗi abin da za a nema a jimlar. Goyon wannan baiwar Allah kuma a bar shi a bakin malami, wurin bayani.

Uwar Yara:
Baba, na yarda, amma na san wanda yara za su riƙe.

Malamar Turanci:
Na dawo da rahoto. Yau Litinin na rubuta huɗun a allo: sassauƙa, harɗaɗɗiya, sarƙaƙƙiya, harɗaɗɗiya mai dogarau. A gaban sassauƙa na ƙara "ganga ɗaya, komai tsawonta", a gaban sarƙaƙƙiya na zana mace da goyo, duk da yaran sun ce zanen ya fi kama da tulu. Sannan na ba su wannan: When the rain stopped, we went to the farm, but my father stayed at home. Na ce a fara nemo mai kuka. Aji ya amsa baki ɗaya, when the rain stopped. Na ce masu ƙafa nawa? Suka ce biyu, ga but a tsakani.

Yarinyar bencin bayan nan ce ta faɗi sunan, kuma harshenta bai harɗe ba. Sai dai da na karɓi littattafansu na duba, kusan rabin ajin "harɗaɗɗiya mai goyo" suka rubuta. Baba, in ja musu layi ko in bari?

Tsohon Malamin Hausa:
Ki ba su makinsu, 'yata. Ki rubuta "dogarau" a gefe da fensir.