Kundin Afrique Victime na Mdou Moctar, wai don kunnen wa aka yi shi?

Dan_Kwalbati ya rubuta:

Salam jama'a. Dan Allah masu sauraron kiɗan jita ina da tambaya. Satin da ya wuce wani abokina ya turo min albam ɗin Afrique Victime na Mdou Moctar, ɗan Agadas ɗin nan mai kaɗa jita da hannun hagu, to wallahi tun ranar ban cire shi daga kunne ba, waƙar farko Chismiten kafin ma a fara kiɗa sai ka ji takun ƙafa da carar zakara kamar kana tsakar gida da asuba sai kawai jita ta fashe da kuka. Da na shiga bincike sai na ga ashe tun 21 ga Mayu 2021 ya fito, kamfanin Matador na Niyok ne ya fitar, kuma Turawa sun yi ta zuba yabo, jaridun kiɗa na Amurka da Ingila da yawa sun sa shi cikin albam mafi kyau na shekarar. Ni kuma sai yanzu nake jin labari, ga shi mutumin maƙwabcinmu ne.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne na ga wai albam ɗinsa na farko ma a Sakkwato ya yi shi. To tambayata biyu ce. Wannan rok ɗin (kiɗan Turawa mai ƙarar jitar lantarki) da ke cikin Afrique Victime shi ne ainihin kiɗansa ko dai an gyara ne don Turawa su saya? Sannan me ya sa mu nan ba mu san shi ba sam?

Ba'abzine_227 ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce "mu nan", to ka ware mu daga ciki don mu a Nijar mun san shi tun kafin wani Bature ya ji sunansa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Kuma abin da kake cewa rok mu kiɗan buki muke ce mishi, haka ake yinshi a bukin aure a Agadas, a shimfiɗa tabarmi a fili a tada janareta a jona sifika wadda ta sha wuya, mai ganga yana ƙara sauri yana ƙara sauri har sai samari sun tada ƙura ba ka ganin na gabanka. Wannan ƙarar da jita take yi kamar za ta tsage, rabinta ma daga tsofaffin kayan sauti ta samo asali, kunnen mutane ya saba da ita har ta zama ita ce daɗin. Saurin da ka ji a ƙarshen waƙar Afrique Victime, wadda ta kai wajen minti 7, babu Baturen da ya koya musu shi.

Tushen abin kuma kiɗan jitar Abzinawa ne irin na su ƙungiyar Tinariwen ta Mali da marigayi Abdallah Ag Oumbadougou wanda ya rasu a 2020, shi ne wanda Mdou ya gani yana yaro ya ce shi ma sai ya yi. Gidansu masu addini ne ba su son kiɗa, sai ya haɗa jitarshi da kanshi da katako da wayar birkin keke. Ya gauraya kiɗan jitar da takamba, wani kiɗan gargajiya na yankinmu. Don haka ni a wajena ba a canza shi ba, an dai ɗauke shi da na'ura mai kyau ne kawai.

Hajjo_Vinyl ta rubuta:

Malam Ba'abzine ban yarda da kai duka ba gaskiya. Eh saurin da zafin na gida ne, amma ka saurari Anar na 2008, albam ɗin farkon nan da mai tambaya ya ambata, wanda aka ɗauka a Sakkwato, ka ji muryarsa cike da otocun (gyaran murya na kwamfuta) da ganga ta kwamfuta sak irin waƙoƙin finafinanmu na wancan lokacin, sannan ka dawo ka saurari na 2021, ai kamar mutum biyu ne daban. Shi Anar ba a ma fitar da shi a kasuwa yadda aka saba ba a lokacin, ta bulutut da memori ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har Mali, a haka ne Christopher Kirkley mai kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds ya tsinci waƙarsa ya sa a tarin nan na Music from Saharan Cellphones, daga baya ya sha wahalar nemo wanda ya rera ta don ko cikakken suna babu a jikin fayil ɗin.

Abin da ya shigo daga baya shi ne bas. Mikey Coltun Ba'amurke ne, shi ke kaɗa bas kuma shi ne furodusan albam ɗin, ga Ahmoudou Madassane a jita ta biyu da Souleymane Ibrahim a ganga. Mutum huɗu, jita biyu bas da ganga, ai wannan tsarin ƙungiyar rok ne cak, kuma shi kansa Mdou ya sha faɗin cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen, shahararren mai jitar rok na Amurka, abin ya burge shi. Ni ban ce laifi ba ne fa. Ina dai cewa kada mu yi kamar babu hannun kowa a ciki. Mai kiɗa yana zuwa yawo yana jin abubuwa yana ɗauka, da ma haka ake yi, shi ma otocun ɗin Sakkwato ai aro ne.

Ni dai a albam ɗin Tala Tannam ta fi min, mai sanyin nan, da Layla. Masu ihun jitar na bar wa samari.

Injiniya_Sauti ya rubuta:

Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Mutane suna jin "albam na situdiyo" sai su ɗauka an shiga ɗaki ɗaya an kulle wata guda. Wanda ya fi kama da haka shi ne Ilana na 2019 da suka ɗauka a Detroit. Shi Afrique Victime gutsi-gutsi aka tara shi lokacin da suke yawon wasa, wani a situdiyo wani a ɗakin otal wani a bayan dandali wani a Nijar, Coltun ya zo ya ɗinke su. Shi ya sa in ka sa hedifon mai kyau za ka ji iskar kowace waƙa daban take, wata a buɗe kamar a waje wata a matse. Wahalar irin wannan kiɗan a wajen mai haɗa sauti ita ce gangar ba ta tsayawa a gudu ɗaya, in ka ɗaure ta da mitar kwamfuta ka kashe ta, dole ka bar su su ruga ka bi su a baya. Nan ne nake jinjina masa, bai goge abin ya yi tas har ya rasa ɗanɗano ba.

Kuma Hajiya wani abu da zai ba ki dariya, da za su fitar da albam ɗin har da wata 'yar Nokia suka sayar, ƙwaya kaɗan, an loda waƙoƙin a ciki, don tunawa da yadda waƙarsa ta fara yawo. Turawa masu tara faifai suka yi rububinta, wayar da mu a nan ko kyauta aka ba yaro sai ya ɓata rai.

Kada a manta lokacin da ya fito ma, ana cikin korona, mutane sun gaji da zaman gida ba wasa ba taro, sai ga albam da ke ji kamar kana tsakiyar taro. Ina ganin hakan ya taimaka masa.

Ba'abzine_227 ya rubuta:

Hajiya na karɓi gyara kan maganar bas, gaskiyarki. Amma ga abin da ke ci min rai da yabon Turawan nan, duk sharhin da ka buɗe sai ka ga ana kiranshi Hendrix na Sahara, wato ana kwatanta shi da gwanin jitar Amurka Jimi Hendrix, ana maganar yatsunshi, kaɗan ne ke tsayawa kan abin da yake faɗa. Waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta kuka ce kan yadda ake zaluntar Afirka, har Gaddafi ya ambata a ciki. Mutumin da ya san Arlit, inda aka shekara da shekaru kamfanin Faransa na haƙar yuraniyom alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu, ba don a yi rawa kawai yake ihu da jita ba. Da ya ga kamar ba a ji ba ai sai ya ƙara fito da ita fili a Funeral for Justice na Mayun 2024, akwai waƙar da sunanta ma Oh France, akwai Imouhar da yake roƙon mutanenshi kada su yar da harshensu.

Kuma juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya same su suna Amurka suna wasa, aka rufe iyaka suka kasa komawa gida sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet, a wannan zaman ne suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita mara lantarki, shi ne Tears of Injustice da ya fito a 2025. In kana son ka ji kalmomin da kyau shi za ka nema.

Batun me ya sa ba ku san shi ba kuwa, da Tamashek yake waƙa da ɗan Faransanci, ku kuma can in ba Hausa ko Afrobit ba ba ku tsayawa, gidajen rediyonku ma ba su sawa.

Dan_Kwalbati ya rubuta:

Kai na gode ƙwarai, na sha karatu. Malam Ba'abzine ka taɓa mu fa amma ba ƙarya ka yi ba, ni kaina da ba a turo min ba da har yanzu ban sani ba. Na nemo Anar jiya da daddare na saurara, Hajiya wallahi gaskiyarki, ƙanwata da ta ji daga ɗaki sai ta leƙo tana tambaya wai waƙar wane fim ce wannan. Da na sa mata Chismiten kuma na ce mutum ɗaya ne sai ta ce in daina raina mata hankali.

Injiniya dan Allah wace waƙa ce a ciki aka ɗauka a Nijar ɗin, ko ana iya ganewa da kunne? Ina so in sake bi da hedifon in gwada ko zan cinka.