Rakena na sirancewa, dillalai kuma na kwashe ribar, ina mafita?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Muna da fadama wajen Hunƙuyi, rake muke sa mata tun mahaifinmu na da rai, amma yanzu raken sai sirancewa yake gaɓoɓin gajejjeru, wasu ma sai wata baƙar bulala ta fito musu a ka, kana taɓawa ta bar maka baƙin gari a hannu. Ga fetur ɗin ban ruwa tun da aka cire tallafi a 2023, kafin rake ya nuna bashi ya sha kaina dole in sayar da shi a tsaye. Don Allah masu sani a taimaka.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan bulalar ciwo ne, a jikin iri yake tafiya, iska kuma na ɗaukar garin zuwa gonar maƙwabci. Duk gindin da ka gani rufa masa buhu ka tumɓuke shi da saiwa ka ƙone a waje. Kuma ina kyautata zaton gyauro kake ta bari shekara da shekaru, shi ya fi kamuwa. Ka nome wajen ka sa wani abu ko na damina ɗaya, sannan ka nemo iri a gonar da ka gani da idonka ba ta da ciwon, mai ido uku lafiyayyu, kada ka karɓi ragowar da aka tsince. Zariya ba nisa gare ka, leƙa IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, ka tambayi malaman gona. Takin shanu kuma sai ya ruɓe sosai, ɗanye gara yake jawowa.

Manomin Maƙarfi:
Ni dai wallahi sayarwa a tsayen nan ta fi ci min rai. Rake na kai wata goma zuwa shekara a gona, kai ne ban ruwa kai ne ɓare ganye yana yanka maka hannu, dillali ya zo ya zaga sau ɗaya ya yanke kuɗi don ya san a matse kake. Sa albasa ko tumatir tsakanin kunya kafin raken ya rufe, kuɗinsu za su riƙe ka da fetur da yuriya. In ya nuna ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauki mota ɗaya, ku sara ku ɗaure dami ku kawo kasuwar Maƙarfi da kanku. Amma sai mota ta tabbata za a sara, sararren rake ba ya jira.

Hajiyar Kudan:
Ƙananan da ba sa shiga dami kada a bayar da su a banza, a kai wa masu injin matsa a dafa mazarƙwaila, ita tana ajiyuwa in dai ba ta sha danshi ba.

Ɗan Fadama:
Allah Ya saka da alheri. Yaya, gyauro ne kuwa. Gobe in sha Allahu zan fara tumɓuke masu bulalar. Wa ya san mai iri mai kyau wajen Kudan?