"Ruwa ba ya tsami banza", har a kan jinin direba?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. Jiya saura kaɗan a doku a gidanmu kan wannan magana. Ɗan gwaggona direban bas ne, ya yi karo da mai a-daidaita-sahu, mutum ɗaya ya karye. Aka ɗebi jininsa, aka ce an ga ƙwaya. Shi kuma ya rantse bai sha komai ba, yana roƙo a sake gwadawa. Kawu ya ce masa "ruwa ba ya tsami banza", ya shuri takalmansa ya fice. To karin maganar nan yanke hukunci take yi, ko cewa take a bincika?

Malam Na-Gwale: Wa alaikumus salam. Kawunku ya ajiye ta a muhallinta. Mu da muke shiga motar haya mun san abin da ake haɗiya a tasha kafin a kama hanyar dare. Tiramol mai 225 ba a ɓoye take ba. An haramta maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau je ka bayan tasha ka ƙirga kwalabe. Wanda ya karye ɗin fa, shi wa zai sake gwada masa ƙafa?

Maman Ilham: Malam, a yi haƙuri, ni ban ji ta haka ba. Cewa aka yi akwai dalili, ba a ce ga dalilin ba. Kakarmu Iya ta sha ba mu labarin gidan da ta fara zaman aure. Kullum da safe ruwan randar maigida sai a same shi da tsami-tsami. Ba a daɗe da kawo amarya ba, nan take aka ce ita ke zuba magani don ta mallake shi. Uwar miji ta tsaya a tsakar gida da wannan karin maganar a bakinta. Yarinya ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu. Ta tafi, ruwa bai daina tsami ba. Iya ce ta ƙi barci ranar, da asuba ta ga autan gidan ya laɓaɓo ya lashi ƙullun koko, ya tsoma ludayin cikin randa ya ɗauraye don kada a gane. Sau uku aka je biko, mahaifinta ya ce 'yarsa ba za ta koma gidan da aka kira ta mai sammu ba. Iya har ta rasu, in ta zo nan a labarin sai muryarta ta canza.

Direban Zariya: Allah ya jiƙan Iya. Amma Hajiya, autan nan yanzu ina jin yana majalisa, don har yau lasa suke suna ɗauraye ludayi a randar talakawa.

Ɗan Kurmi: Hahaha, Yaya ka fara ko.

Direban Zariya: Gaskiya ce. An ce a riƙa yi wa masu neman takara gwajin ƙwaya, sai kowa ya kama tari. Mu direbobi kuwa ko yaushe hannunmu a miƙe.

Baƙon Ingila: Irin labarin Iya ya faru a nan Ingila da gaske. A 2017 aka gano ana wasa da sakamako a wani ɗakin gwaji a Manchester. Shari'u fiye da 10,000 abin ya shafa, yawancinsu na tuƙi cikin maye. Aka koma sake gwada jinin, kotu ta soke hukuncin wasu direbobi bayan an riga an ƙwace musu lasisi. Wasu kuma ba a iya sake gwada nasu ba, ko jinin ya lalace ko bai isa ba. A dokar nan ana raba jinin gida biyu, a miƙa wa direba rabi ya kai inda ya yarda da shi. Sai dai a sani, wasu ƙwayoyin raguwa suke a jinin da aka ajiye, don haka in an daɗe, gwaji na biyu ya fito wasai ba lallai ya wanke mutum ba.

Malam Na-Gwale: Ka ji ko! Ashe na biyun ma ba shaidar mala'iku ba ce.

Maman Ilham: Na farkon ma haka, Malam.

Direban Zariya: Ni a garinmu ma ba a kan laifi ake faɗinta ba. In ka ga ɗan siyasa ya gaishe ka har ƙasa, ya tambayi lafiyar iyali, nan ake cewa ruwa ba ya tsami banza.

Baƙon Ingila: Ƙanena Ɗan Kurmi, ku tambaya ko an ajiye ragowar jinin a firiji, kuma ku tambayi yaron ko ya sha maganin ciwon jiki daga kemis a makon.

Ɗan Kurmi: Zan tambaya, amma Kawu ya ce kada wanda ya ƙara kawo masa zancen. Gwaggo kuma tun jiya ba ta ci abinci ba.

Malam Na-Gwale: Mai a-daidaita-sahun a wane asibiti yake? Kun ma je dubiya?