Wai Ana Koyon Sarrafa Mafarki?

Nasiru: Jama'a ku raba mu. Na ce mutum zai iya koyon gane cewa mafarki yake yi tun yana cikinsa, har ya juya akalarsa. Yaya Sabo ya ce tatsuniya ce.

Sabo: Har gobe ina kan bakana. Wanda bai san inda kansa yake ba, ta ina zai san mafarki yake? Bayan ka farka ne kake ƙara gishiri.

Hadiza: Yaya Sabo, an gwada fa. A 1975 a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya shirya da wani Alan Worsley cewa in ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama. Lokacin mafarki gaɓoɓi ba sa motsi, amma ido yana yi. Na'ura ta kama alamar, ta kuma nuna mutumin barcinsa yake sha. A 2021 ma an tambayi mai barci takwas a ɗebe shida, ya juya ido sau biyu.

Sabo: To na ji yana faruwa. Koyon ne ban yarda ba. Wani haka Allah ya yi shi.

Nasiru: Ai da hanya. Ka ajiye littafi kusa da matashi, da ka farka ka rubuta mafarkin kafin ya gudu. Da rana ka riƙa toshe hanci kana gwada numfashi. Ranar da ka yi haka a mafarki, iska za ta shige. Stephen LaBerge, wanda ya yi bincikensa kan mafarki a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya ƙara da cewa ka tashi bayan kamar awa biyar, ka koma kana nanata niyyar ganewa, don mafarki ya fi tsawo gab da wayewar gari.

Maryam: Wato barcin bayan Asuba kenan, wanda iyayenmu ke hana mu.

Malam Isa: Ku bi a hankali. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Wanda ka tsara da kanka bai wuce na ukun ba. Kada wani ya kawo mana shi a fassara masa.

Hadiza: Allah ya gafarta Malam, a nan ba mu da ja. Nasiru ne ya zaƙe. Ganewa daban, sarrafawa daban. Da yawa suna ganewa sai zumuɗi ya tashe su, wasu kuma su yi ta gwadawa shiru. Yanke barci cikin dare kan jawo dannau: idonka biyu, ƙirji a danne, ko yatsa ba ka iya ɗagawa.

Sabo: Kun ji ko? In tashi ƙarfe uku don in gayyato dannau, in kuma fita kasuwa da sassafe?

Nasiru: Fara da littafin kawai, Yaya. Shi ba ruwansa da ƙararrawa.