Shugaba da mai ce masa a'a

Bayan la'asar muka zauna a wata rumfa a kasuwar Farin Gada, Jos, ana batun wanda za a ba shugabancin 'yan tumatir. Hira ta zarce kan shugabanci gaba ɗaya.

Wani dattijo ya ce shugaba juji ne, kowa da sharar da zai zuba masa, amma jujin da bai taɓa cewa a'a ba ya zama bola. A haɗa haƙuri da tsawa. Ya kawo misalin Sayyidina Abubakar, mai saurin hawaye, wanda ya tsaya ƙyam a kan masu hana zakka, ya kuma bar wa Sayyidina Umar mai zafi halifanci.

Wani matashi ya ce, "Baba, to wa zai naɗa mataimaki?" Aka ce wanda ke iya musa masa. 'Yan amshin Shata sun fi kowa saurin kayar da mutum, wannan kam na yarda.

Rikicin 2001 da na 2008 ma sun shigo zancen. Nan muryoyi suka yi ƙasa. Aka ce mai shugabanci a Jos dole ya iya zama da Birom da Bahaushe, limami da fasto, ya saurari kukan kowa har ƙarshe kafin ya buɗe baki.