Me za mu kira caffeine da Hausa?

1/ Malamai masu rubutun lafiya da masu fassara, ku matso kusa. Sunan abin shan ba shi ne rigimar yau ba. Gahawa muna da ita tun tuni daga qahwa ta Larabci, kuma kofi da muke ji a Najeriya da kafe na 'yan'uwanmu na Nijar duk jikokinta ne, sun bi ta Turkiyya sun shiga Turai sannan suka dawo mana. Abin da ya rage shi ne sinadarin da ke ciki, wanda Bature ke kira caffeine. Kowa da yadda yake rubuta shi, ya kamata mu tsaya a kan ɗaya.

2/ Masu rubuta "kafin" su yi haƙuri, wannan bai shigu ba. Ku karanta: "A rage kafin kafin barci." Wa zai gane?

3/ "Maganin barci" ya fi shi haɗari. Mai kare shi zai ce ai maganin sauro korar sauro yake yi. Gaskiya ne. To amma je kemis ka nemi maganin barci ka ga abin da za a miƙo maka: ƙwayar da za ta kwantar da kai ce. Kalmar da ke iya ba da akasin abin da ake nufi ba ta da wuri a rubutun lafiya.

4/ "Sinadarin gahawa" fassara ce kai tsaye, domin su ma Turawa daga sunan gahawa suka ciro nasu. Wani Bajamushe, Friedlieb Ferdinand Runge, shi ya fara tace shi daga ƙwayar gahawa a 1819. Sai dai wannan hanya ta taɓa ruɗa su. A 1827 aka tace wani abu daga ganyen shayi a Faransa, aka raɗa masa suna daban daga sunan shayi, ana zaton sabon sinadari ne. Sai a 1838 aka tabbatar abu ɗaya ne. Idan muka ɗaura shi a wuyan gahawa, mai shan shayi kofi huɗu a teburin mai shayi zai ɗauka gargaɗin likita bai shafe shi ba.

5/ Wanda ya fi jan raina shi ne "sinadarin goro". Bahaushe a bakin goro ya san wannan abu, tun zamanin da fatake ke yin watanni a hanyar Gwanja suna ɗauko shi daga kasuwar Salaga. Ka ce wa dattijo abin da ke cikin goro ne ke cikin lemon kwalba, nan take ya fahimta. A matsayin bayani ba shi da na biyu. A matsayin suna kuwa ciwonsa ɗaya da na sama, ga shi goro yana ɗauke da wasu sinadaran bayan wannan, har da wanda ake samu a koko.

6/ Saura "sinadarin hana barci", wanda na fi gani a rubuce-rubuce. Yana da hujja. Sufayen Yaman a ƙarni na 15 don raya dare da zikiri suka riƙi gahawa. Yadda yake aiki ma haka ne: muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, ya zauna a wasu gurabe, shi ke kawo gyangyaɗi. Namu yana kama da shi a siffa, sai ya riga shi zama, kamar fasinjan da ya tare maka kujera a mota. Gajiyar tana nan, saƙonta ne bai isa ba.

Amma hana barci ba shi kaɗai ne aikinsa ba. Yana cikin Panadol Extra don ƙara wa maganin ciwon kai ƙarfi. A asibiti ana ba jarirai bakwaini shi don kada numfashinsu ya riƙa tsayawa. Yanzu ma'aikaciyar jinya ta ce wa mai jego, "Hajiya, za mu ba jaririnki sinadarin hana barci," me kuke tsammani za ta yi? Ga kuma ƙwayoyin da wasu direbobin dare ke haɗiya, su ma hana barci suke yi, sunan zai haɗa su tuwo ɗaya.

7/ Matsayata: mu rubuta kafeyin. Ya zauna a harshe, ya rabu da "kafin", kuma ɗan Zinder da ya yi boko da Faransanci zai gane shi kamar yadda ɗan Zariya zai gane. A ambaton farko a bi shi da bayani: sinadarin wartsakewa da ke cikin goro, shayi da gahawa.

8/ Ga shi a aiki: "Kofin gahawa ɗaya yana ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 80 zuwa 100. Baligi mai lafiya kada ya wuce 400 a yini, mai juna biyu kuma 200. Bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini, saboda haka na la'asar kan bi mutum har gado." Wadda aka cire mata shi kuwa, gahawa marar kafeyin.

Jinsinsa namiji ne: kafeyin ya yi yawa, kafeyin ɗin goro. Mai ganin a rubuta "kafiyin" da i, ya kawo hujjarsa a ƙasa.